Ana cigiyar masu ciwon ƙarya

Dokta Hadiza: Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Ina da cigiya, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku yi mani dariya. Ina neman mutum takwas, mata biyar maza uku, masu lafiya ƙalau, waɗanda za mu koya wa yin rashin lafiya. Ɗalibai masu koyon aikin likita za su riƙa gwada tambaya da dubawa a kansu kafin su kai ga majiyyaci na gaskiya. Ba allura, ba shan magani, ba tuɓe tufa. Asabar uku za a yi ana horo, da hantsi. Wanda bai yi lakol ba ma ya zo, har na fi son irinsa. Mu ƴan ƙalilan ne muka haɗa kai muna gwadawa, mun riga mun yi zama biyu da mutum huɗu.

Sani Kabu-kabu: Dokta kin samu gwani. Tun ina aji uku nake ciwon ciki duk ranar da Mushe, malaminmu, zai karɓi hadda. Nawa ake biya?

Majo Isufu: Hadiza ƴata, majiyyata ne suka ƙare a garin nan? Ki leƙa ɗakin yara a watan tara, lokacin da sauro ya gama aikinsa, ki ga biyu uku a gado ɗaya. Da bazara ga sanƙarau. Garin da ke da babban asibiti na ƙasa, da asibitin uwa da ɗa, da gidajen likita a kowace unguwa, shi ne za a je ana hayar mai lafiya ya yi nishi? Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aiki, a bakin gado na koyi duk abin da na sani. Wannan aikin Turawa ne, su da ciwo ya yi wa ƙaranci.

Dokta Hadiza: Baba Majo, a hannunku muka koyi neman jijiya, ba zan yi maku musu a kan bakin gado ba. Ba wanda ya ce a bar shi. Amma ku tuna yadda ake yi. Mutum ya taso tun daga Tanut ko Magarya da ciwon ciki, ya sayar da akuya ya zo, sai ɗalibai goma sha biyu su kewaye shi kowa na son ya danna wurin da ke ciwo. Na farko ya danna, na biyu ya danna, kafin na shida bawan Allah ya juya fuska bango. Magani ya zo nema, bai zo ya zama allo ba. Kuma in ɗalibi ya yi masa tambayar banza, ko ya daka masa tsawa, ba zai taɓa cewa "yaro ka ɓata mani rai" ba. Godiya ma zai yi, don yana tsoron kar a ƙi duba shi.

Wanda muka horar kuwa yana iya faɗi. Ana iya tsayar da zaman a tsakiya a gyara, a sake daga farko, sau biyar in an so.

Kuma ba ƙarancin ciwo ya kawo abin ba. Wanda ya fara shi wani likitan jijiyoyi ne a Amurka, Howard Barrows, a 1963, a wata jami'a ta birnin Los Anjeles. Damuwarsa ita ce yadda zai auna ɗalibansa da mudu ɗaya. Ya koya wa wata mata mai lafiya ta yi kamar ƙafafunta sun shanye, har da labarin yadda ciwon ya faro, ɗalibai suka riƙa duba ta ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana faɗin abin da kowa ya yi da wanda ya manta. Jaridu sun yi masa ba'a lokacin, abokan aikinsa ma da yawa ba su ɗauke shi da daraja ba.

Nafisa (shekara ta biyar): Baba Majo ku yi haƙuri in sa baki. Mu matsalarmu ba ganin ciwo ba ce, baki ne. Duk karatunmu da Faransanci muke yi, tambayoyin ma a jere muka haddace su da Faransanci. Ranar da na fara sitaj, wato koyon aiki a asibiti, aka ba ni wata tsohuwa in yi mata tambayoyi. Ina son in ji ko ciwon yana tafiya wani wuri, kalmar da ke kaina ta littafi ce, na juya ta kai tsaye na ce "Inna, ciwon yana haskawa?" Ta dube ni ta dubi ƴarta ta ce "yarinyar nan lafiya take?" Ni da aka haifa a Garin Malam! Daga baya ita da kanta ta ce mani yana sukarta a nan, ya zagaya ya sauka a ƙugu. Ba malamin da ya taɓa koya mani bambancin suka da murɗa da cizo da zugi, ko abin da mace ke nufi in ta ce sanyi ke damunta, ko namiji in ya ce basir. Kowa da abin da yake kira basir.

Majo Isufu: Wannan kam gaskiya ne. Na taɓa ganin wanda ya rubuta basir a karne, littafin majiyyaci, alhali mutumin ƙarfin namiji yake kuka da shi, kunya ta hana shi faɗi.

Baba Laminu: To ni ina da ƙorafi, kuma a gaban jama'a zan yi shi. Tun zamanin samariya nake wasan kwaikwayo. Garin nan garin wasan kara ne, mu ne muke kwaikwayon gwamna gwamna na zaune yana dariya. Jami'ar garin ma sunan André Salifou take ɗauke da shi, mutumin da ya rubuta wasa a kan Sarki Tanimun. Dokta ta kira ni zama na farko, na yi mata ciwon da ko makaho ya ji sai ya yi hawaye, sai ta ce wai "Baba ku rage." Ta ɗauki tela ta bar ni. Ina adalci a nan?

Dokta Hadiza: Baba Laminu, tunda kun kawo ƙara bari in ba da shaida. Takarda ta ce ciwon ya fara a cibiya jiya da dare, ya koma gefen dama ta ƙasa, ga tashin zuciya, abinci ya fita rai. In ɗalibi ya danna a hankali ku ɗan ƙanƙame ciki, in ya saki hannu farat ɗaya ku zabura. Shi ke nan. Da ɗalibi na farko kun yi daidai. Da na biyu kuka ƙara cewa maƙwabci ne ya yi maku jifa saboda rikicin gona. Da na uku kuka faɗo daga gado kuna kalmar shahada kuna rabon gado, yarinyar ta fita da gudu neman taimako.

Sani Kabu-kabu: 😂😂 Baba ya raba gado! Ni me aka bar mani?

Baba Laminu: Ai ɗakin ya yi sanyi ne, na ga ba wanda ke motsi.

Dokta Hadiza: To nan ne bambancin yake, kuma shi ne abin da ya fi wuyar koyarwa. Ɗan wasa so yake ɗaki ya motsa. Mu so muke abin da ɗalibi na farko ya gani shi ne na goma sha biyu zai gani, ba daɗi ba ragi, in ba haka ba an zalunci wani a maki. Sannan akwai riƙe baki. Kowane labari muna raba shi uku: jimlar da za ka buɗe da ita, abin da za ka faɗa in an tambaye ka kawai, da abin da ba za ka faɗa ba sai an yi maka tambayar ta hanyar da ta dace. Bahaushe yana da tausayi, in ya ga yaro yana gumi ya rasa tambaya sai ya ce bari in taimake shi, ya zazzage masa komai. Asabar ta farko gaba ɗaya a kan wannan take ƙarewa: a tambaye ka ɗaya, ka amsa ɗaya, ka yi shiru. Balki, ke ce telar da ake ƙara a kanki, faɗa masu da bakinki.

Balki: Ina wuninku iyayena. Ni dai Anti Hadiza ta ba ni suna Zara, shekara ashirin da huɗu, aure wata takwas. Ba takarda ta ba ni ba, karanta mani ta yi ta aiko a waya, na yi ta saurare ina kan keke ina ɗinki har ya zauna. Inna Fanna ita ce uwar mijina a labarin, ita ta rako ni. Abin da zan fara cewa kawai "cikina ke ciwo tun shekaranjiya," in sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi. Duk tambayar da aka yi mani Inna ce za ta riga ni amsawa, ta ce ai shawara ce, ta ba ni jiƙo. Abin da ke ɓoye shi ne na yi ɓatan wata biyu, kuma ina ganin ɗan jini baƙi-baƙi, kuma in na miƙe jiri nake ji. An ce kar in faɗi wannan muddin Inna na ɗakin. In an tambaye ni a gabanta in ce "lafiya lau" da ƙaramar murya.

Ɗalibai shida suka shigo. Huɗu ba su ko kalli Inna a matsayin matsala ba, da ita suka yi ta hira kamar ita ce mai ciwon. Ɗaya ya tambaye ni "yaushe rabonki da haila" da ƙarfi yana kallon takarda, wallahi duk da na san wasa ne sai da na ji kunya ta rufe ni. Wata kuwa ta ce "Inna, don Allah ku ɗan taimaka ku karɓo mana karne a waje, zan duba ta." Da Inna ta fita ta jawo kujera kusa da ni ta ce "Zara, watan nan kin sha salla?" Ban san lokacin da na faɗa mata komai ba.

Ungozoma Rabi: Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ko wace ce. Wannan labarin ciki ne a wajen mahaifa, kuma haka yake zuwa mana, da uwar miji a gaba. In aka sallame ta da maganin tsutsa, bututun da cikin ya zauna a ciki ya fashe cikin dare, jini ya zuba a ciki ba wanda ke gani, kafin a samo mota an makara.

Hajiya Mariama: Ni duk na ji, amma raina bai kwanta ba. Mace da lafiyarta, ba ta haihu ba tukuna, ta zauna tana kira wa kanta ɓarin ciki? Baki shi ke yanka wuya. Mu an hana mu ko nuna ciwon wani a jikinmu, in ka nuna sai ka ce "nan ba nan ba." Kuma na ji ana cewa akwai hadisi, kar ku yi ciwon ƙarya sai ku yi na gaskiya. Malam Mahaman yana nan, ya warware mana.

Malam Mahaman: Hajiya, maganar da kika kawo tana yawo a bakin mutane, amma malaman hadisi ba su inganta ta ba. Ciwo da lafiya a hannun Allah suke, furuci ba ya halittar cuta. Game da ƙarya kuwa, ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba. A nan ɗalibi ya san Balki lafiyarta lau, Balki ta san ya sani, malama ta sani. Ba wanda aka yaudara. Koyarwa ta hanyar tambaya da amsa a gaban masu koyo ma tana da asali, kowa ya san hadisin da Mala'ika Jibrilu ya zo da siffar mutum yana tambaya don sahabbai su ji amsa, ko da yake ba ina daidaita wannan da wancan ba ne. Inda zan tsaya da ƙarfi shi ne al'aura da keɓewa. Ɗalibi namiji da matar mutane a ɗaki, wa ke tare da su? Me ake buɗewa? Mijinta ya sani?

Ungozoma Rabi: Malam, wannan an daɗe da samo masa hanya. Duk abin da ya shafi gaban mace a kan roba ake yi. Akwai wata da muke horo da ita, MamaNatalie, kamar jaka ce mai siffar ciki, mace ta ɗaura ta a kan tufafinta, da jaririn roba a ciki da ruwa ja a madadin jini. Ita ke nishi tana magana tana cewa ta gaji, hannun ɗalibi kuwa roba yake taɓawa. Ni na sha ɗaura ta a kan zanena.

Dokta Hadiza: Haka ne. Kuma malami yana ɗakin kullum, da takardar maki a hannunsa. Kowa tun ranar farko zai faɗi inda ya yarda a taɓa, hannu, wuya, baya, ciki ta saman riga, mu rubuta, ba mai ƙetarewa. Matar aure sai da sanin mijinta. Yara ƙanana ba ma sa su ko kaɗan, uwa ce ke zuwa da ƴar tsana a goye. Wannan ma tsohuwar dabara ce, wata likitar yara a Arizona, Paula Stillman, tun shekarun 1970 take horar da mata su zama uwayen ƙarya don ɗalibai su koyi yi wa uwa tambaya.

Majo Isufu: To zazzaɓi fa? Balki za ta iya sa jikinta ya kai 40? Za ta iya sa idonta ya yi ɗorawa, ko saifarta ta kumbura, ko tafin hannunta ya yi fari fat? Hannun da bai taɓa jin saifar yaro mai palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ba, ba hannun lokotoro ba ne.

Dokta Hadiza: Ba za ta iya ba, Baba. Ɗingishi, sanƙarewar wuya, shanyewar ɓarin jiki, tari, ƙanƙame ciki, waɗannan ana koya. Zafin jiki da awon jini kuwa, in ɗalibi ya ɗauko abin awo ya yi yadda ya kamata, sai malami ya miƙa masa ƴar takarda mai sakamako. Saifa tana nan tana jiransa a bakin gado, wurinku.

Mutari (daga Liyon): Gaisuwa ga manya. In ƙara kaɗan daga abin da nake gani a nan Faransa. Jarrabawar da ake yi da irin waɗannan mutane a nan ECOS ake ce mata. Asalinta daga Dandi ta ƙasar Sikotland, Ronald Harden ya fito da ita a 1975. Ɗakuna ne a jere, kowane da aikinsa, ƴan mintoci kaɗan a buga ƙararrawa ka wuce na gaba. Faransa ta mayar da ita jarrabawar ƙasa ga ɗaliban shekara ta shida a 2024, makinta na cikin abin da ke yanke fannin da za ka samu da garin da za a tura ka. Tun 2012 hukumar lafiyarsu ta fitar da rahoto mai taken da kowa ya haddace a nan, cewa kar karon farko ya kasance a jikin majiyyaci. Tunda tsarin karatunmu yana yawan bin nasu, gara ƙannenmu su saba. Amurka kuma ta sa irinta cikin jarrabawar lasisi a 2004, ta dakatar a 2020 saboda korona, ta soke ta a farkon 2021.

Majo Isufu: Ahaf! Masu abin ma sun yar.

Mutari (daga Liyon): Jarrabawar ƙasa suka soke, Baba, ba horon ba. A birane biyar kacal ake yin ta a duk faɗin Amurka, ɗalibi ya biya kuɗi mai yawa ya hau jirgi ya kama ɗaki, an daɗe ana kuka da ita. Makarantunsu har gobe suna aiki da majiyyatan kwaikwayo.

Sani Kabu-kabu: Duk an zagaya duniya ba a amsa mani ba. Nawa?

Dokta Hadiza: Jikka biyu kowane zama, da kuɗin kabu-kabu, daga aljihunmu. Na san kaɗan ne.

Hajiya Mariama: Kaɗan ne ƙwarai. Tela ta rufe shago rabin yini ana gab da salla, ta haddace labari, a danna mata ciki sau goma sha biyu. In aiki ne a kira shi aiki a biya shi, kar a fake da "taimakon al'umma." Mata ake yi wa haka kullum.

Dokta Hadiza: Na karɓa, Hajiya, ba ni da amsa sai dai in ce muna nema. Tunda kuma ana faɗin gaskiya, bari in faɗi kuskuren da na yi, don wanda zai zo ya san abin ba dariya ba ne zalla. A zama na biyu mun gwada sanar da mummunan labari. Na ba Inna Fanna matsayin uwar da za a gaya wa ƴarta ta rasu wajen haihuwa. Ban tambaye ta komai ba, na ga dai dattijuwa ce mai natsuwa. Ɗalibi ya shigo, ya zauna, ya yi sallama, ya fara da kyau. Da ya kai wurin sai Inna ta yi salati ta kama gefen kujera, kukan da ta yi ba na takarda ba ne. Muna ta yaba ta a zuci. Sai da aka tashi na same ta a bayan ɗaki tana wanke fuska a bakin randa, ta ce mani shekara tara ke nan da aka faɗa mata wannan maganar, a tsaye, a bakin ƙofa, wanda ya faɗa ko tsayawa bai yi ba. Na rasa inda zan sa kaina. A ƙa'idar aikin ba a ba mutum ciwon da ya taɓa shi ko ya taɓa nasa, na sani, na karanta, ban yi ba.

Yanzu kowa sai mun zauna da shi mu biyu tukuna. Kuma in an gama zama, mayafin da aka yi wasa da shi a nan ake barin sa, kowa ya faɗi sunansa na gaskiya da ƙarfi, a sha shayi tare kafin a watse.

Balki: Inna ta ce in faɗa maku, tunda ba ta rubutu, wai ba ta yi fushi ba. Ta ce yaron da ya zauna kafin ya faɗa mata, a gaya masa ya riƙe wannan. Amma ba za ta sake yin wannan labarin ba, uwar miji dai tana nan in ana so.

Majo Isufu: Hm. Har yanzu ina nan kan bakana, bakin gado ne makaranta. Amma labaran da kuke rubutawa wa ke duba su? Kar ku kwaso ciwon littafi. Ku rubuta tsoho mai tansiyo, wato hawan jini, da ya bar shan magani tun da ya ji sauƙi, ya koma sassaƙe da tafarnuwa, in an tambaye shi ya rantse yana sha kullum. Sai an ce ya nuno kwalin a ga ƙwaya ba ta ragu ba. Irinsu goma nake gani a sati.

Dokta Hadiza: Baba ku rubuta mana shi, ku zo ku yi shi da kanku.

Majo Isufu: Rubutawa zan yi. Yi kuwa a'a, ni ma ina da tansiyon, kin ce ba a ba mutum nasa.

Baba Laminu: To a ba ni tsohon. Na yi alkawari ba jifa ba rabon gado.

Dokta Hadiza: Na rubuta sunanku, Baba, bisa sharaɗi Balki ce za ta horar da ku. Saura mata uku da namiji ɗaya. Ina son a samu mai jin Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci, don ɗalibai su gwada aiki da tafinta. Mai so ya yi mani magana ta gefe. Sani, kai ma in da gaske kake, Asabar ƙarfe tara, kuma ka karya kumallo kafin ka zo.

Baba Laminu: Nishi ɗaya dai, Dokta, ƙarami, lokacin da zan zauna. Tsoho ba ya zama shiru.

Balki: In kun yi wa na farko sai kun yi wa duka sha biyun, Baba.